Sai Bayan Rake

Daga Kahu har kasuwar Rano, babu mai shan koko da bai san mazarƙwailar Malam Gali ba. Ja ce jawur, ba ƙauri, ba yashi, in ka jefa ta a baki takan narke tun haƙori bai gaisa da ita ba. Mutane kan ce Allah ya yi wa Malam Gali hannu. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya dubi tafinsa mai laushi kamar na jariri, ya ce, "Kyautar Allah ce, ba wayona ba."

A nan dai bai yi ƙarya ba. Ba wayonsa ba ne, ba kuma hannunsa ba. Hannun na ƙanwarsa Laraba ne, wadda ta dawo gidan bayan ta fita takabar mijinta. Kwananta uku da zuwa ya ce mata, "Zaman banza yana kawo tunani. Ga ɗan rake nan, ki rage wa kanki kewa." Shekara huɗu ke nan tana rage kewa.

Da hantsi ya fito ake jibge mata damman rake daga fadama. Ta fere shi da wuƙa, ta sassare gaɓa-gaɓa, ta zuba a turmi ta kirɓa har ya yi laushi. Ta kwashe a tsumman buhu, ta murɗa da hannu biyu har ɗigon ƙarshe ya faɗa kwatarniya. Ta tace, ta ɗora a babbar tukunya, ta tsaya kan wuta tana kwashe kumfa da ludayi, hayaƙi yana wanke mata ido. In ruwan ya yi kauri sai ta ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwan sanyi. Ya dunƙule, ta sauke, ta juya da muciya, ta zuzzuba a 'yan kwanoni ya daskare. Sakacin ƙiftawar ido ya isa ya ƙona tukunya guda, amma Laraba ba ta taɓa ƙona ko ɗaya ba. Abin da ya ƙone hannunta ne. Tafin ya yi kanta, ya tsattsage kamar fadama da rani, yatsun kuma sun lanƙwashe daidai kaurin taɓarya, ko barci take ka ce tana riƙe da ita.

Matar gidan, Barakatu, tana da wani ciwon baya mai sanin lokaci. Yakan tashi ranar da aka sari raken fari, ya kwanta ranar da aka wanke tukunyar ƙarshe. Daga kan tabarma take taimakawa.

"Sannu, Larai. Wallahi ba don bayan nan ba, da kin ga aiki. Miƙo min ƙanzon tukunyar nan in ji ko ta yi."

Akwai wani mutumin Durba, Ramalan, mai sarin mazarƙwaila yana kaiwa Rano a bayan wani tsohon dokinsa da ake kira Bidi. Matarsa ta rasu, shi kuma ba mai yawan magana ba ne. Wata rana Gali ba ya nan, Laraba ce ta miƙo masa kwandon ta saman zana. Ya dubi mazarƙwailar, ya dubi hannun da ya miƙo ta, ya ce, "Ashe." Mako na kewayowa ya ajiye mata gwangwanin man kaɗe a kan zanar. Iyakar zancen da suka yi ke nan, kuma ya ishe su.

Ranar da ya zo neman aurenta, Laraba ta tsayar da taɓarya tana saurare ta bayan zaure.

"Alhamdu lillahi!" in ji Gali. "Ai aure sunna ne, Ramalan, kai kuma ɗan gida ne. Na ba ka. Amma sai bayan rake." Ya juya ya ɗaga murya. "Laraba! Na ji turmi ya yi shiru, lafiya?"

Rake ya ƙare, Ramalan ya dawo. Gali ya ce, "Cikin wannan zafin? Wa zai zauna a ƙofar gida ya shafa fatiha? Bari ruwa ya sauka." Ruwa ya sauka, ya ce, "Kowa yana gona. So kake a ce na aurar da ƙanwata ba taro, kamar marar gata? Sai kaka." Kaka ta yi, rake ya nuna. Haka aka kewaya sau biyu, aka kama na uku.

Ran nan Laraba ta kai masa tuwo, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Yaya, wai bayan raken nan a wace shekara yake?"

"Kin ji ki! Ke ba ki san gata ba. Bincike nake yi. An ce dangin Ramalan na wajen uwa duk masu minshari ne."

"Zan jure, Yaya. Ni ma in na kwanta ba na jin ko ganga."

"Ni ne uwarki, ni ne ubanki, ni ne waliyyinki. Tunkiyar sadakinki na fari ma, wa ya karɓa ya ajiye miki?"

"Tana ina?"

"Tana ajiye," in ji shi, ya kai loma. Tunkiyar ta daɗe da shiga tukunya ranar sunan ɗansa.

Mata a bakin rijiya sun sha gaya mata cewa bazawara tana da bakin kanta, in ta je gaban alƙali a Rano rana ɗaya za a gama. Ta sani. Amma a ce ta kai ɗan'uwanta ciki ɗaya ƙara? Abin da za a riƙa faɗa wa jikokinta ke nan. Sai ta haɗiye, ta koma turmi.

A shekarar da aka samu 'yancin kai, motar lasifika ta yi ta ratsa ƙauyuka tana shelar cewa mulkin mallaka ya ƙare. Bayan an sayar da gyaɗa, Gali ya tafi Kano ya dawo da wani jibgegen ƙarfe, mutum shida suka sauke shi a bayan gida.

"Laraba! Fito ki ga naki 'yancin! Na tausaya miki. Turmi da taɓarya sun bi Bature."

Injin matse rake ne, tsoho, mai ƙarafa uku masu juyawa, da wani dogon itace da ya miƙo daga kansa kamar hannu. Laraba ta kewaya shi. Sai da ta ji ƙwalla ta taru mata, don ta ɗauka da gaske ne.

"Allah ya saka, Yaya. Wannan itacen fa?"

"Nan ake ɗaura doki, ya riƙa kewayawa, ƙarfe yana matsewa."

"To ina dokin?"

Gali ya shafa gemu. "Doki yana tafe. Kafin nan ɗan taɓa mu gani ko yana aiki."

Ta sa ƙirji ta tura. Ƙarfe ya yi ƙara, ya cafki rake, ruwa ya zubo shaa.

"Masha Allahu!" in ji Gali. "Kin gani? Ashe ma ba sai da doki ba."

Daga ranar ya shimfiɗa buzu a inuwar bishiyar ɗorawa, yana cusa rake a bakin injin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan ɓangaren sai mai ilmi, in ba haka ba ƙarfe ya cinye wa mutum yatsa. Laraba kuwa tana tura itace tana kewayawa. Injin yana ba da ruwa ninkin na turmi sau uku, don haka tukunya ɗaya ta zama uku, kuma ukun duka ita suke jira in ta gama kewayen.

Mako biyu, ƙafarta ta haƙa hanya zagaye da injin, ka ce rijiya za a fara. Mako uku, jiri ya zame mata aboki. Ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ƙafa ta riƙa janta hagu, hagu, sai ga ta a ƙofar gidan da ta fito. Mata suka yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta taya su, don in ba ta yi dariya ba wani abin za ta yi. Wata rana tana cikin turawa ƙasa ta taso ta mare ta. Ta farka ta ga fuska biyu a kanta.

"Iska ce," in ji Barakatu. "Dama bishiyar nan ban yarda da ita ba."

"Rashin sabo ne," in ji Gali. "Ki riƙa rufe ido, haka ake yi wa doki. Tashi, 'yar'uwa, ruwan zai yi tsami. Ai zumunta a ƙafa take."

A haka Ramalan ya same ta ranar da ya zo ɗaukar kaya: ido a rufe, ƙirji a jikin itace, tana tafiyar da ba ta kai kowa ko'ina. Bai yi sallama ba. Ya sauke wa Bidi kaya, ya ja shi ya ɗaura a itacen.

"Aro ne, Malam Gali, na kwana bakwai. Amma tsoho ne. Ba ya aiki in rana ta take, kuma sai an ba shi kanwa da harawa."

Ba a taɓa ganin ƙauna irin wadda Gali ya nuna wa dokin nan ba. Ya kafa masa rumfa. Ya rataya masa laya saboda bakin mutane. Da kansa yake jiƙa masa dusa, yana sosa masa wuya yana ce masa "dattijo". Da rana ta take tsaka sai ya miƙe daga kan buzu.

"A kwance bawan Allah nan! Dabba ce, ba ta da bakin faɗa, Allah zai tambaye mu. Laraba, ɗan riƙe masa kafin ya huta."

Sai ya zama Bidi yana yin aikin sanyin safiya da na yamma, Laraba tana yin na tsakar rana. Tana kewayawa tana hango shi a rumfa yana taunar harawa, yana kallonta da idon tausayi irin na abokin sana'a.

"Yaya," ta ce a rana ta huɗu, "ba na neman komai sai abin da ake yi wa Bidi. Rumfa, da kanwa, da hutun azahar."

Gali ya riƙe baki. "Haba, Laraba! Ki haɗa kanki da dabba? Ke fa mutum ce, mai hankali. Ke lada kike samu. Shi wa zai ba shi lada?"

Kwana bakwai suka cika, Ramalan ya zo karɓar dokinsa. Gali ya ja shi zaure, ya rage murya, amma zana ba ta riƙe sirri.

"Ramalan, na gama bincike. Minsharin nan ashe ƙarya ake muku. Ka bar min Bidi, Juma'a mai zuwa a ɗaura."

"Malam Gali, ƙanwarka ce fa, ba buhun gyaɗa ba."

Ya fita ransa a ɓace, amma bai kwance dokin ba, don ya san wanda zai koma jikin itacen. Laraba ta tsaya da ludayi a hannu, kumfa tana neman zuba. Shekara ta uku ke nan ana ce mata sai bayan rake, ashe bayan raken tsohon doki ne mai gyambo a gadon baya.

Kafin kwana biyu maganar ta cika Kahu. Gali ya fito daga masallaci wani ya tare shi. "Malam Gali, an ce ka buɗe musaya. Ina da jaki lafiyayye, ko akwai sauran ƙanwa?" Wani ya ce shi agwagi gare shi, ko za a duba masa cikin 'yan'uwa na nesa. Gali ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Doki yake so, amma ba ya son sunan.

Washegari Laraba ta naɗe mazarƙwaila ɗaya a gefen zane, ta nufi gidan liman, Malam Ishiyaku, tana bin jikin danga don kada ƙafa ta mayar da ita gida. Tsoho ne da haƙora suka yi wa ƙaura, ba abin da yake so irin mazarƙwaila. Ta durƙusa a bakin zaure.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Sadaki, in waliyyi ya karɓa, na wane ne?"

"Na mace ne, 'yata, ko allura ce. Waliyyi ɗan aike ne."

"Ko yana da ƙafa huɗu?"

Liman ya miƙa hannu zai karɓi mazarƙwailar, idonsa ya sauka a kan yatsunta. Ya daɗe yana kallo.

"Ko yana haniniya," in ji shi.

"Malam zai iya faɗar haka a gaban jama'a?"

"Abin da ke cikin littafi ba ya jin kunyar jama'a."

Ta dawo ta kankare ƙanzo mai yawa ta kai wa Barakatu har tabarma. "Ni dai mutuncin Yaya nake ji," ta ce, kamar mai magana da kanta. "Da a ce sadaki aka kira dokin nan, wa zai ce musaya ce?" Kafin la'asar Gali ya shigo yana murmushi, ya sanar da gida cewa Allah ya jefo masa wata dabara. Da Ramalan ya zo, Laraba ta leƙa ta saman zana ta ce masa, "Ka yarda. Ka sa a faɗa da ƙarfi."

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a ƙofar gida. Gali ya sha babbar riga. Wakilin ango ya ce sun ba da sadaki doki ɗaya, lakadan ba ajalan ba.

"Ban ji ba," in ji Gali, yana hararar mai jakin nan. "A maimaita, saboda masu dogon baki."

"Sadaki, doki ɗaya!"

"A ƙara. Me aka ce?"

"Sadaki!"

Shaidu suka shaida, aka shafa fatiha, goro ya fara yawo. Gali ya karɓi igiyar Bidi ya naɗe ta a hannu. Sai liman ya yi gyaran murya.

"Madalla. Malam Gali, ka karɓa a madadinta. To, a miƙa wa mai shi dukiyarta."

"Ai zan ajiye mata, Allah gafarta Malam."

Daga cikin zaure wata murya ta fito, ba rawa, ba gaggawa. "Na gode, Yaya. Wahalar ajiyar tunkiya ma ta ishe ka. Wannan zan riƙe da kaina."

Wani ya ƙware da goro. Dariya ta fashe daga baya ta gangaro har sahun dattawa.

"Allah gafarta Malam, ai a al'ada..."

"Kai ka sa aka faɗa sau uku, Gali. Kurma ma ya ji."

Gali ya dubi igiya, ya dubi jama'a, ya dubi bayan gida inda damman rake suke jibge har sun fi zana tsawo. Ya matsa bakin zaure, murya ta yi laushi.

"Laraba, 'yar'uwata. To ko aronsa ne ki ba ni."

"Zan ba ka, Yaya."

"Yauwa! Yaushe?"

"Sai bayan rake."

Da la'asar ta fito, akwatinta a bayan sadakinta. Ta karɓi igiya, lanƙwasassun yatsunta suka riƙe ta gam. Ta yi wa Barakatu sallama da addu'ar Allah ya ba bayanta lafiya da wuri, don tukunya uku ba sa jira. Ita da Bidi suka taka, suka taka, sai aka ga su biyun suna karkata hagu tare, za su kewayo ƙofar gidan. Ramalan ya sha gabansu.

"Amarya," ya ce, "hanyar Durba miƙaƙƙiya ce."

Washegari Gali ya tuɓe riga ya sa ƙirji a itace. Bai kai hantsi ba jiri ya kwashe shi ya zaunar a kwatarniya. Barakatu ta ƙona tukunya biyu, ta ukun ta ƙi daskarewa. A kasuwar Rano ya bayyana wa mutane cewa raken bana ne ba shi da albarka.

Kahu ta yi wata guda tana dariyar Gali, kuma ya cancanta. Sai dai duk masu dariyar nan, shekara huɗu suna jin turmin Laraba daga gidajensu, suna shan koko da guminta, suna yaba hannun yayanta. Sun ga tana kewaya ƙarfe, suka ce sha'anin gida ne. Ba wanda ya ga abin kunya sai da doki ya shigo maganar. Kuma ba Kahu kaɗai ba ce ke da gidan da ake ajiye mace da sunan riƙon zumunci, a ci ƙarfinta, a ce ta gode.

Gali dai bai fid da rai ba. Ya ji labarin wata 'yar baffansu a Rurum Tsohon Gari, Maijidda, tana gab da fita takaba. Nan da nan zumunci ya motsa masa, ya sa aka rubuta mata wasiƙa cewa gidansa gidanta ne, ta zo ta rage kewa. Amma mai doki ya fi ɗan aike sauri. Ko da wasiƙar ta iso, Laraba tana zaune a ɗakin Maijidda.

Maijidda ta jujjuya takardar. "Yaya Laraba, ni ban iya karatu ba. Sai a nemo mai karanta min."

Laraba ta matso kusa, ta buɗe tafukan hannunta biyu iyakar inda suke iya buɗuwa, ta ɗora mata a cinya.

"Fara karanta wannan," ta ce. "Shi ya rubuta."